Makaɗa, Mawaƙa da 'Yan Wasa a Tarihin Ƙasar Hausa

A ƙasar Hausa da wuya a yi taron farin ciki ko na nuna isa babu makaɗi, ko mawaƙi, ko mai wasa a wurin. Naɗin sarauta, hawan salla, biki, suna, gayyar noma, dambe, kokawa da farauta, kowanne yana da kiɗansa da mutanen da aka sani da shi. Sai dai waɗannan mutane da ake nema ruwa a jallo ranar sha'ani, su ne kuma aka daɗe ana ajiyewa can ƙasa idan ana lissafin daraja. Attajirin da zai ba mawaƙi doki ko mota saboda waƙa ɗaya, shi ne zai ɗaure fuska idan ɗan mawaƙin ya aiko neman auren 'yarsa. A tsakanin wannan so da wannan ƙyama masu nishaɗantar da Hausawa suka rayu ɗaruruwan shekaru. Iyayen gidansu sun sauya, kayan aikinsu sun sauya, amma matsayin nan bai rabu da su ba.

Mafi daɗewar labarin da aka rubuta game da su ya shafi fada ne. Kundin tarihin sarakunan Kano ya ambaci cewa a zamanin Sarki Dauda, farkon ƙarni na 15, wani basarake mai suna Dagaci ya zo daga Borno da ganguna da kayan busa da tutoci. Kundin ya kuma sanya kakaki da figini cikin abubuwan da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya fara a Kano. Ke nan tun a wancan lokaci kiɗa da busa suna cikin kayan mulki. Tambari da kakaki na sarki ne, ba a buga wa talaka tambari ko a busa masa kakaki komai yawan dukiyarsa. Ana buga tambari idan an naɗa sabon sarki, da daren salla, a da kuma har da lokacin fita yaƙi. Jin sautinsa kaɗai ya isa ya sanar da gari cewa wani babban abu ya faru a gidan sarki.

Makaɗan fada suna da sarautunsu, kamar Sarkin Tambura, Sarkin Kakaki, Sarkin Busa, Sarkin Taushi, Sarkin Kotso da Sarkin Jauje. Akwai kuma Sanƙira, maroƙin baki, wanda ba ya kiɗa ba ya rera waƙa, aikinsa shi ne ɗaga murya ya yi kirari, ya fayyace wanda ake nufi, ya kuma shelanta kyautar da aka bayar don kowa ya ji. Sarki ne ke naɗa musu rawani, ya ba su gida da gona, ya ciyar da su, ya tufatar da su, wani lokaci har ya yi musu aure. Su kuma nasu shi ne kiɗan sara a daren Juma'a, rakiya a hawa da rangadi, da shirya sabuwar waƙa idan salla ta ƙarato. Makaɗin da ke da ubangida ba ya yi wa wani basarake waƙa sai da izini.

Waƙar fada aiki ne mai tsari. Shugaba yakan zauna da 'yan amshinsa su kafa gindin waƙa, su ɗora mata ɗiya, su yi ta maimaitawa har kowa ya san inda zai karɓa da inda zai ƙara. A cikinta ake jero iyaye da kakannin sarki, da garuruwan da suka ci, da halayen da ake son sarki ya riƙe. Idan mawaƙi ya ce ubangidansa mai haƙuri ne, mai kyauta, wanda ba ya jin tsoro, yabo ne, kuma tuni ne a kan abin da jama'a ke jira daga gare shi. Sannan ga zambo. A kowane gidan sarauta akwai 'yan'uwan sarki da suka nema ba su samu ba, da masu jiran gado. Mawaƙi ba ya kama sunansu. Sai ya siffanta tafiyar mutum, ko gemunsa, ko rowarsa, ko ya kamanta shi da wata dabba, duk wanda ke wurin kuwa ya san wanda aka soka. Abin da sarki ba zai iya faɗa da bakinsa ba saboda nauyin rawani, makaɗinsa ke faɗa masa.

Yawancin mashahuran wannan fanni a ƙarni na 20 daga ƙasashen Sakkwato, Zamfara da Kabi suka fito, shi ya sa kunnen Bahaushe ya saba jin waƙar sarauta da karin harshen yamma. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa Ahmadu, ya bar waƙarsa Bakandamiya wadda har yau ake nazarin hikimarta a jami'o'i. Salihu Jankiɗi shi ne Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na uku. Akwai Aliyu Ɗandawo, da Sa'idu Faru, da Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya tashi cikin kiɗan noma na mahaifinsa, ya yi amshi ƙarƙashin yayansa Kurna, kafin shi ma ya zama shugaba har ya waƙe Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello. A Katsina an yi Mamman Sarkin Taushi, a Damagaram kuma Ma'azu Ɗan Alalo.

Bayan fada, kusan kowace sana'a tana da makaɗanta. Kalangu na mahauta ne tun asali, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, maharba kuma suna da masu yi musu komo da garaya. Kowane gwani yana da takensa, wato kiɗan da idan aka yi, shi ake kira ba wani ba. Manomin da ya ji takensa a gayya yakan manta da gajiya, ɗan damben da ya ji nasa yakan yi tsuma ya fito fili yana kirari. Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya ɗaukaka sunan ɗan dambe Shago har waɗanda ba su taɓa zuwa gidan dambe ba suka san shi. Kassu Zurmi ya yi wa maharba da 'yan tauri. Har ɓarayi sun sami nasu mawaƙin, Muhammadu Gambu, wanda daga baya ya bar wannan waƙa ya bayyana tubarsa. Wannan ya nuna zurfin al'adar: a ganin Bahaushen da, bajintar da ba a waƙe ba kamar ba a yi ta ba ce.

Mata suna da tasu duniyar, wadda maza ba su cika shiga ba. 'Yan mata suna gaɗa a dandali, matan aure suna waƙa a bakin turmi da dutsen niƙa, inda kishiya ke jefa wa kishiya habaici, amarya ke faɗin kewar gida. A biki ana buga shantu da ƙwarya a cikin gida. Daga nan kiɗan amada ya fito fili ta hannun irin su Uwaliya Mai Amada da Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013. Barmani ta yi wa mata waƙa a kan kishi da haihuwa da zaman gidan miji, ta kuma matsa musu su kama sana'a, cikin harshen da su kansu suke magana da shi idan babu namiji a kusa. A fada akwai zabiya, mai waƙa da guɗa. Macen da ta mayar da waƙa sana'a tana ɗaukar nauyi biyu, na roƙo da na fitowa gaban maza, kuma wannan nauyin bai sauka daga kan 'yan bayanta ba.

Akwai kuma masu ban dariya da masu ban mamaki, waɗanda su ne tushen wasan kwaikwayo a ƙasar Hausa tun kafin a san dandamali. 'Yan kama sukan ɗauki sananniyar waƙa, ko salon karatun malami, ko yadda alƙali ke yanke hukunci, su juya komai ya koma zancen tuwo da miya da nama. 'Yan gambara suna tafe biyu-biyu ko fiye a kasuwa, ɗaya na jefa magana ɗaya na cafewa, da ba'a da batsa. 'Yan hoto sukan cilla garma sama su tare ta da ƙirji ko ka. 'Yan tauri suna gwada wuƙa a jikinsu, gardawa suna yawo da kura da maciji da biri, suna sayar da magani bayan sun tara jama'a. A fada akwai wawan sarki, wanda aka yarje wa ya faɗi abin da wani ba ya isa ya faɗa.

Wasu wasannin kuma ba na masu sana'a ba ne, na kowa ne, amma lokacinsu ƙayyadadde ne. Tashe yana farawa idan azumi ya kai kwana goma. Yara da samari sukan bi gida-gida da dare suna kwaikwayon tsoho mai gemu, da boka mai magani, da malami, da miji da matarsa. A Kano, Nalako ne ke jagorantar tashen gwauraye, inda ake kama wanda ya rabu da matarsa bai sake aure ba a zaga gari da shi. A wasan gauta, matan gidan sarki sukan yi shigar sarki da hakimansa su kwaikwayi zaman fada, sarki na kallo, ta haka yakan ga yadda ake ganinsa da mutanensa. A kalankuwa, bayan an kawar da amfanin gona, samarin ƙauye sukan naɗa wa junansu muƙamai, a zamanin Turawa har da gwamna da di'o da alƙali da likita, su gudanar da mulkin wasa na 'yan kwanaki. Damagaram tana da wasan kara mai kama da wannan. Duk waɗannan hanyoyi ne da al'umma mai tsananin kunya da girmama na gaba ta buɗe wa kanta don ƙarami ya nuna wa babba aibinsa ba tare da an kira shi marar tarbiyya ba.

To me ya jawo ƙasƙancin? M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau wajen 1950, ya rubuta cewa a jerin darajar sana'o'i mutane suna sanya makaɗa da maroƙa a sahun ƙarshe tare da mahauta. Dalili na farko shi ne hanyar samun abincinsu. Manomi yana da damin da zai nuna, maƙeri yana da fartanya, shi kuwa maroƙi abin hannun wani yake jira, kuma a fili yake nema. Na biyu shi ne kunya. Tarbiyyar Bahaushe ta ginu a kan kawaici da rage murya da ɓoye buƙata, sana'ar maroƙi kuwa ba ta yiwuwa sai an ajiye waɗannan duka. Na uku shi ne tsoro. Mai iya ɗaga sunan mutum yana iya kayar da shi, kuma kyauta da yawa da aka yi wa maroƙa ba don jin daɗin yabo aka yi ta ba, don kare mutunci ne daga zambo. Mutum ba ya cika ƙaunar wanda ya tilasta masa kyauta. Da yake kuma sana'a gado ce, ɗan makaɗi makaɗi ne a idon jama'a ko bai taɓa riƙe gula ba, sai aure ya riƙa zagayawa a tsakanin gidajensu.

A cikinsu ma akwai sama da ƙasa. Mai tambari da mai kakaki suna cin darajar sarki. Mai goge da mai garaya su ne a baya, saboda alaƙar kayansu da bori da gidajen mata masu zaman kansu da wuraren shan giya.

Addini ya ƙara wa al'amarin nauyi. A Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya sanya shagaltuwa da kaɗe-kaɗe dare da rana cikin halayen sarakunan Hausa da ya soka, ya nuna cewa ana buga ganga ne don wata manufa ta shari'a, kamar tara runduna. Bayan an fara jihadi a 1804, ƙaninsa Abdullahi ya ga jama'arsu sun fara komawa ga abin da aka yaƙa, har da kiɗa da bushe-bushe, ransa ya ɓaci ya bar rundunar ya nufi gabas, tafiyar da ta tsaya a Kano. A rubuce-rubucensa na baya Shehu ya sassauta, ya kawo saɓanin malamai a kan mas'alar. A aikace dai sarakunan da suka karɓi tuta sun gaji fadojin da suka ci tare da tambura da kakakinsu, kuma kafin ƙarni ya ƙare waƙar sarauta ta koma yadda take, sai dai yanzu ana yabon sarki da jinin Shehu da riƙon addini. Bori ne ya fi shan matsi, ya fi samun sakewa a Maraɗi da Tsibiri, inda sarakunan da jihadi ya kora suka kafa sabon zama, mata masu sarautar Iya da Inna suna shugabantarsa.

Masu jihadi ba su ƙi waƙa ba, sun ma yi amfani da ita sosai. Nana Asma'u ta rubuta waƙoƙin da jagororin mata da ake kira jaji suka riƙa kai wa matan ƙauye ta hanyar 'yan taru. Daga nan aka sami layi biyu da ba su daidaita a daraja ba: rubutacciyar waƙa ta malamai, wadda ba kiɗa kuma ba neman kyauta, da waƙar baka ta makaɗa. Aliyu Namangi mai Imfiraji da Sa'adu Zungur da Aƙilu Aliyu ba a kiran su maroƙa. Haka masu bege da masu bandiri na ɗariƙar Ƙadiriyya, ko da yake suna buga abin kiɗa, abin da suke yabo ya ɗaga su daga wannan sahu.

Zuwan Turawa ya rage wa sarakuna iko da dukiya, ya kuma haifar da sababbin masu kuɗi: dillalan gyaɗa da auduga, 'yan kwangila, masu motocin haya, ma'aikatan En'e. Su ma suna son a san da su. Jirgin ƙasa da mota suka sauƙaƙa tafiya, faifan garmaho da rediyo suka kai murya inda ƙafa ba ta je ba, musamman bayan buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962. A wannan yanayi ne makaɗan jama'a, waɗanda ba su da ubangida ɗaya, suka yi ƙarfi.

Babu wanda ya kai Mamman Shata nuna wannan sauyi. An haife shi a Musawa, ba ɗan gado ba ne, kuma mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba. Ya ɗauki kalangu, kayan kiɗan mahauta da 'yan mata, ya waƙe sarakuna da shi, ya waƙe direbobi da 'yan kasuwa da sojoji da matan gari, har da kumbon Apollo 11 da ya je duniyar wata a 1969. Saɓanin makaɗan fada, shi a fili yake ƙirƙirar ɗiyan waƙarsa, 'yan amshi suna riƙe da gindi kawai. Ana shakkar zambonsa kamar yadda ake kwaɗayin yabonsa. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na dakta, abin da ya zama babbar shaida cewa ilimin boko ya fara kallon makaɗi a matsayin mai hikima. Ya rasu a 1999. Ɗan Maraya Jos kuwa wata hanya ya bi. Shi kaɗai da kuntiginsa, ba 'yan amshi, ya mayar da hankali ga ƙaramin mutum: karen mota, ɗan ƙwadago, ma'auratan da ke faɗa. Yakan sauya murya ya zama miji, ya zama mata, ya zama mai gulma, har waƙar ta koma ƙaramin wasan kwaikwayo. Ya rasu a 2015. A tsakaninsu akwai Haruna Uji da gurmi, Garba Supa, Ahmadu Doka da Hassan Wayam da kukuma.

Siyasa da gwamnati su ma sun zama iyayen gida. A shekarun 1950 jam'iyyun NEPU da NPC kowacce tana da mawaƙanta, zambon da a da ake yi wa 'yan sarki ya koma kan abokan hamayya. Lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, waƙoƙin ƙarfafa soja sun cika rediyo. Da aka koma tuƙi ta hannun dama a 1972, aka kuma sauya kuɗi zuwa naira da kwabo a 1973, da bakin mawaƙa aka isar da saƙon ga mutanen karkara. Hukuma ta gane abin da sarakuna suka daɗe da sani, cewa magana ta fi shiga idan an rera ta.

Wasan kwaikwayo na zamani ta makaranta ya shigo. Malam Aminu Kano ya yi amfani da shi tun yana ɗalibi, da kuma lokacin da yake koyarwa a Bauchi, wajen sukar zalunci da jahilci. Abubakar Tunau ya rubuta Wasan Marafa, Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, Mohammed Sada ya rubuta Uwar Gulma. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa an mayar da shi wasan dandamali, sannan Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976. Amma rediyo da talabijin ne suka kai wasan cikin gidaje. Usman Baba Pategi, tsohon soja, ya zama Samanja Mazan Fama yana kwaikwayon rayuwar bariki da Hausarsa mai gauraye da Turancin soja. Ƙasimu Yero ya yi fice a Karambana, Karkuzu ya fito daga Jos. A Nijar, gwamnatin Seyni Kountché ta farfaɗo da ƙungiyoyin samariya ta kuma shirya gasar matasa ta ƙasa, inda wasan Hausa ya bunƙasa, ƙungiyar Yazi Dogo ta zama sananniya. Galibi ba a rubuta musu kalmomin da za su faɗa. A kan amince da labari ne, kowa ya san halin wanda yake wakilta, sauran kuma a bar wa basira, kamar yadda ake yi a tashe. Da yake yawancin waɗannan 'yan wasa ma'aikata ne masu albashi, kuma ana ɗaukar aikinsu a matsayin faɗakarwa, ba su sha ƙyama irin ta maroƙa ba.

Silima ta sha bamban. Majigin gwamnati da ke zaga ƙauyuka da finafinai irin su Baban Larai bai tayar da ƙura ba, amma gidan silima na kuɗi, wanda aka fara buɗewa a Kano da Rex a 1937, tun farko an ɗauke shi matattarar 'yan iska. Gobarar silimar El Duniya a 1951, wadda ta ci fiye da mutum 300, mutane da yawa sun fassara ta da hukuncin Allah. Duk da haka a waɗannan gidaje ne Hausawa suka saba da finafinan Indiya, suka ga labaran auren dole da biyayyar iyaye da kunya tsakanin masoya waɗanda suka yi kama da nasu.

Da na'urar bidiyo ta yi araha, ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na Kano suka fara ɗaukar nasu. Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa, wanda ya fito a 1990, shi ake lissafawa na farko a kasuwa. Kafin shekara goma sana'ar ta samu suna Kannywood, ta kuma ɗauko rawa da waƙa tsakanin saurayi da budurwa, musamman bayan karɓuwar fim ɗin Sangaya. Nan tsohuwar muhawara ta dawo da sabuwar riga. Bunƙasar fim ta zo daidai da ƙaddamar da shari'a a jihohin Arewa, Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001. Wani rikici da ya taso a 2007 ya jawo dakatar da aiki na watanni da ɗaure wasu 'yan fim. A 2016 ƙungiyar masu shirya finafinai ta kori 'yar fim Rahama Sadau saboda fitowarta a bidiyon wata waƙa, a shekarar ce kuma aka janye shirin gina alƙaryar fim a kusa da Kano bayan malamai da jama'a sun nuna adawa. Gidan da ake kallon Daɗin Kowa ko Labarina kowane mako, a nan ne kuma za a ji ana cewa ba a ba ɗan fim aure. Mata sun fi jin jiki, domin yawanci aure yana nufin barin sana'ar, dawowa bayan mutuwar aure kuma yana jawo sabon zargi.

Wanda ya san tsofaffin wasanni zai gane su a cikin sababbi. Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, abin da 'yan kama suke yi shi ya riƙa yi: ya ɗauki waƙar da ake yayi ya juya ta, ya kwaikwayi malami ko ɗan sanda ko baƙon ƙabila. Liƙin da ake yi wa mawaƙin biki, da mai riƙe da makirufo yana shelar wanda ya ba da kuɗi, aikin sanƙira ne. Mawaƙan siyasa irin su Dauda Kahutu Rarara suna yabo da zambo a kan tsarin da makaɗan fada suka shimfiɗa, kuma kyautar mota ta maye gurbin kyautar doki. Fada ma ba ta saki hannu ba, domin Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na biyu ya naɗa Naziru Ahmad Sarkin Waƙa, mawaƙin da a situdiyo yake aikinsa.

Abin da ya fi raguwa shi ne kayan kiɗan kansu da masu iya sarrafa su. Fiyano ɗaya yana kwaikwayon kalangu da algaita da goge, don haka mawaƙin yau ba ya buƙatar tafiya da mutum goma. Kakaki da tambari da algaita suna nan saboda hawan salla yana nan, 'ya'yan gidan Ɗanƙwairo da wasu gidajen gado suna riƙe da kotso, dambe ya riƙe kalangunsa. Amma dundufa da komo da gangar noma sun yi ƙaranci, domin sana'o'in da suke yi wa hidima sun sauya. Jami'o'in Kano, Zariya da Sakkwato sun yi ƙoƙari wajen taskace waƙoƙin baka. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu a littattafai da dama, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun rubuta tarihin Shata. Wannan kulawa ta fi karkata ga mawaƙan sarakuna da waɗanda rediyo ta ɗauka. 'Yan kama, 'yan gambara, 'yan hoto da matan da ke waƙa a cikin gida ba su sami irinta ba, kuma yawancin abin da ya rage na fasaharsu yana bakin tsofaffin da suka gani da idonsu ne.